Kamfas a kan Hobie 16: yadda muka ɓace wa alama cikin hazo, da abin da bincike ya tono

Hazon hunturu ba a Arewa kaɗai yake tsayawa ba. Akwai ranakun da yake gangarowa har bakin teku a Legas, ya rufe ruwa ruf, manyan jiragen da ke jiran shiga tashar Apapa su koma kamar inuwa. A irin wannan rana ce, wata Asabar cikin Janairu, ni da abokin tserena na jirgin ruwa muka kauce wa alamar da ke iyo a ruwa wadda ya kamata mu zagaya da tazarar sama da rabin kilomita, alhali idona bai bar kan kamfas ba, wato na'urar da ke nuna inda jirgi ya fuskanta. Na daɗe ina juya abin a raina, don ni ne na ɗaure kamfas ɗin, ni ne kuma mai karanta shi.

Jirgin da mutanensa

Jirginmu katamaran ne, wato tagwayen kwalekwale da aka haɗa da sanduna biyu na alminiyam a gicciye, ɗaya gaba ɗaya baya, aka shimfiɗa tamfol a tsakani inda ake zama. Ba inji, iska ce kawai ke tura shi ta ƙyallaye biyu, babba da ƙarami. Irinsa ake kira Hobie 16, wanda Hobie Alter ya fito da shi a Kalifoniya wajen shekarar 1970. Tsawonsa ya ɗan haura mita 5, faɗinsa kusan mita 2.4, nauyinsa wajen kilo 145. Mutum biyu ke tuƙa shi. Idan iska ta yi ƙarfi, kwalekwalen da ke ɓangaren iska yakan tashi sama, mu kuma mu maƙala ƙugiyar ɗamararmu a waya, mu miƙe a waje, ƙafa a gefen jirgi, baya a saman ruwa, don mu danne shi.

Mai riƙe da sandar tuƙi dattijo ne, injiniyan da ya tashi a Yawuri, bakin Kwara, ya san ruwa tun kafin ya san boko. Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce min ƙanena. Aikina ƙaramin ƙyalle, da lura da sauran jirage, da kamfas.

Mai karatu zai iya tambaya, me ake yi da kamfas a tseren da galibi ana hango alamomin da ido? Amsar tana cikin hawan iska. Jirgin ƙyalle ba ya iya nufar inda iska ke fitowa kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata, wani zubi iska ta shigo masa ta dama, shi ne hannun dama, wani zubi ta hagu, shi ne hannun hagu. A namu jirgin, tsakanin hannun dama da hannun hagu akwai wajen digiri 100. Idan iskar kudu maso yamma da aka saba da ita a Legas tana fitowa daga digiri 225 a kan kamfas, to a hannun dama goshinmu yana kallon wajen 175, a hannun hagu kuma wajen 275. Amma iska ba ta zama wuri ɗaya. Takan karkata digiri biyar, goma, ta komo. In ta karkata ta yadda goshinka ya matso kusa da alama, mu kan ce ta ɗaga mu. In ta kore ka nesa, ta ture mu ke nan, kuma abin da ya ture ka a wannan hannu, ɗaga ka zai yi a ɗaya hannun. A buɗaɗɗen teku inda ba bishiya ba gini, ido ba ya kama wannan canji. Kamfas ne ke kama shi.

Ribar kuwa ba ƙarama ba ce. Jirage biyu da ke kunnen doki, akwai mita 400 tsakaninsu a faɗin fili, in iska ta karkata digiri 10, wanda ke ɓangaren da ta karkato ya sha gaban ɗan'uwansa da wajen mita 100 ba tare da ya ƙara gudu ko kaɗan ba.

Ɗauri na farko: a jikin jigo

Kamfas ɗin Injiniya ne ya sayo shi a Ingila, irin mai faifai da ke iyo cikin ruwan mai a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi. Da na karɓa, wurin da ya fara zo min shi ne jigo, dogon sandan da ke riƙe da babban ƙyalle. Yana tsakiya, yana sama da fantsamar ruwa, ana ganinsa daga ko'ina. A ƙananan jiragen tsere masu kwalekwale ɗaya, can ake yawan ɗaure shi.

Fita ɗaya ta ishe mu gane kuskuren. Jigon Hobie 16 ba a kafe yake ba, a kan gindinsa yake juyawa hagu da dama don ƙyalle ya sami siffa mai kyau. Duk abin da ka ɗaure a jikinsa, tare za su juya. Da a ce kullum juyin iri ɗaya ne, da an iya zama da shi, amma ina. Injiniya ya ja igiyar babban ƙyalle, lamba ta canza. Ya sassauta, ta sake canzawa. Igiyar ruwa ta buge mu, jigo ya yi rawa, faifai ya bi shi. Kamfas ɗin yana faɗin gaskiya, sai dai gaskiyar inda jigo ke kallo, ba inda jirgi ya nufa ba. Ranar muka kwance shi.

Ɗauri na biyu, da ranar hazo

Sai na mai da shi kan sandar gaba, dab da gindin jigo. Nan ba juyawa, kuma alminiyam ba ya jan maganaɗisu. Mun yi makonni muna tsere cikin tashar ruwa da shi a haka, ba wani kuka, ban da abu ɗaya da na lura da shi na share: a hannun hagu, in kwalekwale ya tashi sosai, faifan yakan tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya zabura.

Tseren ranar hazo na dogon zango ne, ana fita ta tsakanin katangun duwatsun da ke bakin tashar, a wuce Tarkwa Bay, a shiga teku. Saboda haka masu shirya tsere suka ce kowane jirgi ya ɗauki rediyon oba-oba don ko-ta-kwana. Umarni ne mai kyau, ba ni da ta cewa a kansa. Na ɗauki namu na jefa a jakar da ke ɗaure a gaban tamfol, inda muke sa ruwan sha da guntayen igiya. Jakar tana bayan sandar gaba, tazararta da kamfas bai fi taƙi ɗaya ba. Na duba faifai lokacin, ban ga ya motsa ba.

A hawan farko abubuwa suka fara rikicewa. Muna hannun dama a 175, can sai na ga 165.

"Injiniya, ta ture mu goma," na ce.

"Ka tabbata, ƙanena? Ni hannuna bai ji komai ba."

"Ga shi nan ina gani, ku juya."

Ya juya. A Hobie 16 juyi tsada gare shi. Jirgin ba shi da allon da ake zurawa ƙarƙashin ruwa, siffar kwalekwalen ce kawai ke hana shi zamewa gefe, ga shi marar nauyi, da ya fuskanci iska sai gudunsa ya mutu. Kowane juyi asarar tsawon jirgi da yawa ne, in igiyar ruwa ta tare goshi ma sai ka tsaya cik kana ja da baya. Mun yi irin wannan juyi har sau huɗu a kan maganata. Jiragen da muka tashi tare da su ba wanda ya juya, suka miƙe abinsu suka bar mu.

Zango na biyu shi ne ya ƙarasa mu. Kilomita uku ne a gicciyen iska zuwa wata alama da hazo ya ɓoye, takardar tsere ta ba da lambar da za a bi. Na riƙe lambar nan daram. Da lokacin da ya kamata mu ga alama ya yi, ba komai a gabanmu sai farin hazo. Sai can Injiniya ya hango ƙyallen wani jirgi yana juyawa nesa a gefenmu, muka bi shi. Daga baya na yi lissafi: kuskuren digiri 12 a tafiyar kilomita uku yana kai mutum sama da mita 600 daga inda ya nufa. Kusan abin da ya same mu ke nan. A teku, cikin hazo, a jirgin da ba inji, wannan ya wuce maganar rasa matsayi a tsere.

Da muka dawo gaɓa Injiniya bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Gobe da safe ka zo da igiya doguwa da ɗan kamfas na hannu. Ba za mu zargi kowa ba sai mun auna."

Awo a kan yashi

Nan ne na koyi yawancin abin da na sani. Na fara jawo jirgin a kan amalankensa zuwa daɓen siminti, Injiniya ya girgiza kai. Gatarin amalanken baƙin ƙarfe ne, daɓen kuma akwai rodi a cikinsa. Na kawo tsofaffin tayoyin mota in ɗora jirgin a kai, ya ce su ma akwai waya a cikinsu. Sai muka ɗauke shi mu huɗu muka kai kan yashi, nesa da motoci da kwantena, muka ɗora a kan katako. Muka ɗaure igiya daga inda wayoyin goshi biyu suka haɗu har tsakiyar sandar baya, ta zama layin tsakiyar jirgi. Ni na tsaya baya da ɗan kamfas na hannu ina auna layin, shi yana karanta na jirgi. Muka riƙa juya jirgin, arewa, gabas, kudu, yamma, da tsakankaninsu.

Ba jaka, bambancin bai wuce digiri biyu zuwa uku ba ta kowace fuska, kuma kusan duk gefe ɗaya yake, alamar ban daidaita kamfas ɗin da layin tsakiya sosai ba lokacin ɗauri. Sai ya ce in kawo rediyon. Na riƙe shi santimita 15 daga gilashin, faifai ya yi tsalle sama da digiri 20. Na ja shi zuwa santimita 30, ya koma wajen uku. A santimita 60 da kyar ake ganin motsi. Maganaɗisun da ke cikin sifikar rediyon ne, kuma ko an kashe rediyon yana nan da ƙarfinsa. Injiniya ya ce ƙarfin ƙaramin maganaɗisu yana raguwa da sauri ƙwarai: ka ninka tazara sau biyu, ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa 'yan santimita suke da wannan tasiri.

Sai na tambaye shi abin da ya fi damuna. "To Injiniya, me ya sa da na sa rediyon a jaka jiya ban ga faifai ya motsa ba?"

Ya sa muka juya jirgin a hankali, rediyon na wurinsa. A wata fuska kuskuren ya ɓace ɗungum, a wata ya kai ƙarshensa, a wata ya koma ɗaya gefen. In jan maganaɗisun ya zo daidai da layin da faifai ya riga ya kwanta a kai, ba abin da za ka gani. In ya zo a gicciye, nan yake nuna kansa. Jirgin da ke kan gaɓa fuska ɗaya yake kallo, saboda haka duba ɗaya kafin a tashi ba ya wanke komai.

Mafi muni, rediyon ba a ɗaure yake cikin jakar ba. Jirgi ya karkata, ya zame gefe. Igiyar ruwa ta buga, ya mirgina. Kowane motsi nasa sabon kuskure ne. Turin iskar da na riƙa kira, rediyo ne ke yawo a jaka.

A nan ne na fahimci abin da nake ganin shi ne zuciyar lamarin. Don kama canjin iska, ba dole ne kamfas ya faɗi lambar gaskiya ba. In kullum yana ƙara digiri uku a hannun dama, ba ruwanka, don bambanci kake nema tsakanin lambar yanzu da ta ɗazu. Abin da ba a iya zama da shi shi ne kuskuren da ke canzawa: jigo mai juyawa, jaka mai motsi, wuƙar da ke aljihun mai karatu, wayar salula. Shi ya sa wasu masu katamaran suke ɗaura kamfas biyu, ɗaya kowane gefe, ba su kuma damu ko biyun sun yi daidai da juna ba, tunda kowanne hannu ɗaya yake yi wa aiki. Lambar gaskiya sai ranar da za ka nemi alamar da ba ka gani, kamar ranar hazon nan, kuma ranar ba a sanar da zuwanta.

Mun bi sauran ƙarafan da ke kusa da ɗan maganaɗisu a hannu. Yawancin ƙarfe marar tsatsa na jirgi ba ya kamawa, ko ya kama kaɗan. Amma noti biyu cikin huɗun da na ɗaure kamfas da su, waɗanda na saya a kasuwa a matsayin marasa tsatsa, sai ga su sun manne ƙam.

Faifan da ke maƙalewa

Saura abin da na share tun farko. Muka sa mutum biyu suka ɗaga kwalekwalen hagu, goshi na kallon yamma, kamar muna hannun hagu cikin iska. Tun kafin ya yi nisa, gefen faifai ya taɓa jikin ƙoƙonsa ya tsaya. Da muka ajiye jirgin daidai na sunkuya na duba da kyau, sai na ga faifan dama can ba a kwance yake sosai ba, gefensa na kudu ya ɗan rinjaya ƙasa.

Dalilin ya ba ni mamaki. Jan maganaɗisun duniya ba a kwance yake ko'ina ba. A Ingila yana nutsawa ƙasa ta arewa da sama da digiri 60, saboda haka masu ƙera kamfas na can sukan ƙara ɗan nauyi a gefen kudu na faifai don ya daidaita. Layin da jan yake kwance sarai yana ratsa Afirka ta Yamma wajen digiri 10 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, wato tsakanin Abuja da Kano. Legas tana kudu da wannan layi. An kawo faifan da aka yi wa nauyi don ƙasar Turai inda babu abin da nauyin zai rama, dole ya rinjaya. Kamfanonin kamfas sun san da haka, shi ya sa suke raba duniya shiyya-shiyya, kowace da nata daidaito. A hannun hagu, goshi na kallon yamma, jirgi yana karkata ta arewa, faifai yana karkata ta kudu, karkata biyu suka haɗu. Na ce ko mu sa ɗan katako a ƙarƙashi mu gyara zamansa. Injiniya ya ce ba zai yi ba, don karkatar faifan duniya take bi, ba jirgi ba: abin da ka gyara kana kallon yamma, ka ɓata shi ne in ka juya gabas. Ya yi odar wani da aka daidaita wa shiyyar ikwaita.

Inda ya zauna

Sabon ya zo, muka yanka farantin roba mai kauri, irin wanda ake yanka nama a kai, muka ɗaure shi a sandar gaba ya ɗan leƙa gaban jigo. Ba mu huda sandar ba, don ita ke ɗauke da nauyin jigo duka, rami a wurin ba alheri ba ne. Robar tayar keke muka naɗa a ƙarƙashi don kada ya zame, muka ɗaure da igiya siririya, kamfas ɗin kuma da notin tagulla. Mun daidaita shi da igiyar layin tsakiya, muka sake juya jirgin a yashi ta fuskoki takwas. Igiyar ƙaramin ƙyalle takan share wurin a kowane juyi, ta taɓa maƙalewa a gilashin har jirgi ya kusa kifewa, sai na ja wata igiyar roba daga jigo zuwa gaban farantin, igiyar ta riƙa zamewa ta kai. Akwai kuma guntun zare da ya haɗa kamfas da jirgi, saboda ranar kifewa. Jaka ta koma sandar baya. Rediyo yana aljihun rigar iyo ta Injiniya, shi da ba ya zuwa gaba.

Daga kan waya, ina mita biyu ko fiye daga tsakiyar jirgi, ba na iya ganin layin gaba na kamfas, wanda ake karanta lamba a kansa. Irin na tsere yana da ƙarin layi a kowane gefe, su nake karantawa. Lambar da ke wurin ba ita ce inda goshi ke kallo ba, amma tazararta da ita ba ta canzawa muddin na tsaya a wuri ɗaya na kalla ta kusurwa ɗaya. Don haka abin da idona ya gani nake rubutawa, ba na lissafi a ka ina rataye a kan ruwa.

Yanzu mukan fita da wuri, kafin a busa ƙahon da ke nuna saura minti biyar a tashi. Mu yi hawa a kowane hannu na 'yan mintuna, in rubuta lamba mafi sama, mafi ƙasa da ta tsakiya da maka a kan farin salatif da na manna a sandar gefe. Mu auna layin tashi, mu auna iska. In layin mita 200 ya karkace da digiri 5 kacal, ɗaya ƙarshen ya fi ɗaya kusa da iska da mita 17, sama da tsawon jirginmu uku. Cikin tsere ba na kiran lamba, sai bambanci: "sama biyar", "daidai", "ƙasa goma". A hannun dama lamba ta hau, an ɗaga mu. A hannun hagu ta hau, an ture mu. Wannan na rubuta shi ma a salatif, don gajiya tana juya shi a kai.

Mun kuma yi yarjejeniya cewa ƙasa da digiri goma ba ma juyawa, goman ma sai ta ɗan daɗe. Katamaran yana da gudu, in iska ta faɗi farat ɗaya jirgi na kan gudunsa, sai ka ji kamar ta dawo ta gaba, matuƙi ya kauce, kamfas ya nuna turi. Ba turi ba ne, rami ne a cikin iska, in ka jira kaɗan gudu ya ragu lamba za ta koma. Kuma in kamfas ya ce abu, hannun Injiniya ya ce wani, jiragen da ke gefenmu muke dubawa kafin a yanke.

Akwai kamfas na lantarki masu aiki da hasken rana, masu manyan lambobi a fuska biyu, waɗanda masu Formula 18, wani ajin katamaran na tsere, kan ɗaure a sandar da ke leƙawa gaban jirginsu. Wasu a kulob ɗinmu suna da su. Su ma maganaɗisun duniya suke ji, rediyo zai ruɗe su kamar yadda ya ruɗe namu, kuma kafin a saya sai an duba dokar ajin jirgi, don azuzuwa da yawa sun yarda da kamfas da agogo amma sun hana na'urar da ke aiki da tauraron ɗan'adam. Injiniya yana son mu gwada ɗaya saboda matsalar da har yau ba mu warware ba. In muna gangara, iska mai ƙarfi na tura mu ta baya, dole mu biyu mu koma can ƙarshen baya don kada goshi ya nutse jirgi ya tuntsura, kuma daga can, da gishiri a ido, ƙananan lambobin faifai ba sa karantuwa. A wannan zangon har yanzu gajimare da gine-ginen Victoria Island nake kallo, in hazo ya bari a gan su.